Hoton Da Za A Sa A Bayan Littafi

 Makon nan zancenmu a kan wani ɗan abu ne wanda ko tafin hannu bai cika ba, amma ya kan hana mace barci, watau hoton da a ke bugawa a bayan littafi don a san wadda ta rubuta shi. Yanzu, alhamdu lillahi, a Birnin Kebbi da Argungu akwai mata masu rubutu, kuma duk wadda ta kai aikinta wurin masu ɗab'i sai an tambaye ta, "Hajiya, ina hoton?"

A zamanin da babu wannan tambaya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ga shi har yau ba wanda ya san kamanninta. Amma ku tuna ita tana da jajoji, matan nan da ta kan naɗa wa malfa su shiga ƙauyuka suna koya wa mata karatunta. Duk inda suka sauka, su ne shaidar cewa mace ce ta tsara abin da su ke karantawa. Littafinki na yau kuwa ba shi da jaji, shi kaɗai zai yi tafiyarsa.

Tafiyar kuwa ba kaɗan ba ce. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a Zariya, har yau ana karanta shi. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, a 2012 aka buga shi da Turanci can ƙasar Indiya. Ashe takarda ta kan kai inda ƙafar mai ita ba ta taɓa takawa ba.

Littattafan da suka cika kasuwa daga Kano, da yawa zanen fure ko na wata budurwa ne a bangonsu, marubuciyar kuwa ta ɓuya a bayan laƙabi. Kunya ce, kuma kunya adon mace. Amma da kunnena na ji, a wani gidan biki nan Birnin Kebbi, ana cewa ai duk maza ne ke rubuta wa matan nan. Abin ya yi mini ciwo, don na san irin daren da mace ke rabawa tana rubutu bayan yara sun kwanta.

Saboda haka da na gama ɗan littafina na labarun yara, muka yi shawara da maigida, ya ce in sa hoton. Sai na ɗauki guda uku na shiga mota zuwa Argungu wurin Gwaggona, don tsohuwa ba ta iya ɓoye gaskiya ba. Na fari na ranar bikin ƙanwata ne, an yi mini kwalliya, ga ashobi, ga gwal na aro, wayar kuma ta wanke ni tas har na koma fara. Gwaggo ta kai shi kusa da ido, ta ce, "Wagga ɗiyar wa ta?"

Na ce, "Ni ce, Gwaggo."

Ta ce, "A'a, ni ban haifi Balarabiya ba."

Na biyu fasfo ne, na katin shaida. Ta duba, ta ce wannan kamar wadda za a gurfanar gaban alƙali. Na uku kuwa ɗiyata ce ta ɗauke ni da hantsi a inuwar dogon yaro, da mayafina na zuwa makaranta, ban ma gama shiri ba. Gwaggo ta yi murmushi, ta ce, "Yauwa, ga ki nan." Shi aka buga.

Bayan 'yan watanni wata malama ta ba ni labari, wai wata yarinya 'yar aji shida ta juya littafin, ta yi ta kallon hoton, can ta ce, "Malama, ai wannan ta yi kama da Innata. Ashe irinmu ma suna yin littafi?" To, 'yan'uwa, aikin hoton ke nan. Da na kwalliyar aka sa, da yarinyar nan ta ce littafi sai matan birni masu gwal.

Ga 'yar shawarata ga wadda ta kai wannan matsayi. Da fari, ki zaɓi hoton da in maƙwabciyarki ta gani za ta gane ki nan take. Kada ki ɗauko na shekara goma da suka wuce, kada kuma ki yarda waya ta sake miki launin da Allah ya ba ki. Ranar ƙaddamar da littafi da kanki za ki zo, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Na biyu, a ɗauka da safe ko da la'asar, a inuwa, haske yana fuskarki. Ranar tsaka ta kan sa mutum runtse ido. In da baƙi da fari za a buga, kada ki sa baƙin hijabi ki tsaya jikin bango mai duhu, sai ku haɗe, a ga fuska kaɗai tana yawo.

Na uku, ki duba abin da ke bayanki da kyau. Kada ƙofar gidanku ta fito, ko lambar mota, ko fuskar yara. Wanda bai san ki ba ba shi da bukatar sanin unguwarku.

Na huɗu, ki kai wa masu ɗab'i ainihin hoton, don wanda ya yi ta yawo a WhatsApp ya kan rage kyau, in an buga sai ya fito dishi-dishi. In mai hoto ne ya ɗauka, ki gaya masa tun farko a littafi za a sa, ku daidaita, a kuma rubuta sunansa a gefe. Haƙƙinsa ne.

Na biyar, kuma shi ne babba, a yi shawara da maigida ko iyaye tun ba a kai ga inji ba. Magana zarar bunu ce, balle hoton da aka buga ɗari biyar aka watsa kasuwa. Ke ma ki tambayi zuciyarki, kin yarda baƙo a Kano ko Yamai ya riƙe fuskar nan a hannunsa? In ta amsa, to, bismilla.

Wadda kuma ba ta so, ko don kunya, ko don abin da malaminta ya karantar da ita, ba wanda zai ga laifinta, kada kuma mai ɗab'i ya matsa mata. Sai dai ina roƙonta abu guda: ta sa sunanta na gaskiya, da garinsu, da layi uku na tarihinta, don gobe kada wani ya ce ba ita ta yi ba.

Ku kuma 'yammatan makaranta, in littafi ya zo hannunku ku juya bayansa ku ga mai shi, ku yi mata addu'a. Sa'an nan ku koma ga alƙalaminku, don sai an yi littafin tukuna a ke neman hoto. Allah ya yi muku albarka, amin. Sai mako mai zuwa.