Kyanwar Inna da Cokalin Kabewa

Inna ta rasu ta bar mana gida a Maraɗi, da tukwanen ƙarfe, da kyanwa. Gidan da tukwanen an yi rabonsu. Kyanwar kuwa babu wanda ya nemi kasonsa a cikinta, sai ta faɗo a kaina, tunda ni na ci gaba da zama a gidan. 'Yar Gata Inna ke kiranta, kuma shekara 11 ta yi tana kwana a ƙarƙashin gadonta.

Wata huɗu bayan rasuwar, cikin zafin Afrilu, na lura tana yawan zuwa tarin yashin da ke bayan madafa. Ta tona, ta tsuguna, ta daɗe tana nishi, ta tashi ba ta ajiye komai ba. In ma ta yi, 'yan dunƙule ne masu tauri kamar ƙwallon aduwa. Na ce kewar Inna ce. A kwana na uku ta ƙi abinci, ta fara amai.

Shawara ba ta wuya a unguwa. Wani ya ce in ɗura mata man parafin, wata ta ce madara. Na ba ta madarar, da dare wani ruwa-ruwa ya fito, na yi murna na ce ciki ya saki. Gari ya waye ba ta ko iya ɗaga kai.

Na sa ta a kwali na kai ta wurin likitan bisashe. Masu raguna da shanu da ke layi suka bi ni da kallo, wani tsoho ya ce, "Malam, mussa ka kawo asibiti?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Likitan bai yi ba. Tambayarsa ta farko ita ce ko tana fitsari, don kyanwar da ke nishi a kan yashi, musamman namiji, wani lokaci mafitsara ce ta toshe, kuma wannan kan yi kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sannan ya laluba cikinta, ya kama hannuna ya ɗora. Na ji wani abu dogo mai tauri kamar guntun rake.

Ya ce, "Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga kashi. Duk daɗewar da kashin ya yi a ciki, ƙara bushewa yake yi. Ruwan da ka gani jiya ta gefen dunƙulen ya zurara, dunƙulen na nan."

Ya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ya sa mata maganin barci, ya wanke hanjin da ruwan ɗumi. Yana aiki yana yi mini kashedi: maganin ɗura ta dubura na mutane mai sinadarin fosfet yana iya kashe kyanwa, haka ma farasitamol, man parafin kuma, in aka ɗura ta baki, yakan sulale cikin huhu. Da ya gama ya ce, "To, me take ci?"

Nan na sunkuyar da kai. Inna takan yagi nama ko kifi, ta tsame ƙaya, ta zuba romo har ya sha kansa. Ni kuwa ƙasusuwan kaji da kan kifi nake jefa mata, in na samu kuɗi in sayo busasshen abincin kyanwa na leda, ina ganin gata na yi mata. Likita ya ce ruwan da ke cikin busasshen abincin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali nama ko abincin gwangwani yana da wajen kashi 75. Kyanwa kuma asalinta dabbar busasshen daji ce, ba ta cika jin ƙishirwa ba, daga abinci take samun yawancin ruwanta. Mai nauyin kilo 4 tana bukatar wajen mililita 200 a rana. Kwanon ruwanta guda ne, shi ma a rana na ajiye shi.

Ya rubuta mini tsari. Nama ko kifi marar ƙashi da romo, ba gishiri, ba albasa ko tafarnuwa, don suna lalata jinin kyanwa. Kwanonin ruwa uku a inuwa. Ƙaramin cokali na dafaffiyar kabewa a cakuɗa a abinci. Sai garin ɓawon iri da ake kira siliyam, wanda in ya sha ruwa yake yin yauƙi kamar kuɓewa, a fara da kwatar ƙaramin cokali. Sai laktulos, wani ruwa mai zaƙi da ke jawo ruwa zuwa cikin hanji, a ba ta gwargwadon yadda ya auna.

Mako biyu komai ya yi daidai. Sai wayo ya kama ni: in cokali ɗaya ya yi amfani, ai uku sun fi. Na ƙara siliyam, na haɗa da dusar gero, ban ƙara ruwa ba. Cikin kwana huɗu muka koma wurin likita.

Ya ce, "Malam, ka san yadda ake yin tubali? Laka a zuba mata ciyawa, a shanya. Abin da ka yi mata ke nan."

Ya ƙara da cewa in hanji ya daɗe yana cika, yakan buɗe ya saki har ya kasa turawa. In an kai nan, irin waɗannan abubuwan masu ƙara girman kashi ƙara ciwo suke yi, wani lokaci sai an yanke sashen hanjin. 'Yar Gata ba ta kai nan ba, amma tsohuwa ce, kuma ƙodar tsohuwar kyanwa takan zubar da ruwa, don haka lura za a yi ta yi har ƙarshen ranta.

Da Yaya ya zo ya ga kwalbar magani, ya tambayi kuɗinta, na faɗa. Ya ce, "Ƙanena, jaka nawa ke nan a kan mussa, ga mutane ba su da na asibiti?" Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa, kuma har yau maganar na ci mini rai. Abin da na iya cewa shi ne, ranar da na karɓi mabuɗin gidan, da ita na karɓa. Kabewa da ruwa kuwa ba su da tsada, sakacina ne ya jawo kuɗin likita. Ya yi shiru, can ya ce ya tuna Inna takan ɗebi kabewa daga miyar taushe kafin ta sa kayan yaji, ta murmushe mata a kwano. Ni ban taɓa lura ba.

Yanzu wata 14 ke nan ba mu koma an wanke mata hanji ba. Ina taje mata gashi don kada ta haɗiye shi da yawa in tana lasar jiki. Ina da ɗan littafi da nake sa alama duk ranar da ta yi bayan gida, in kwana biyu suka wuce babu alama sai in kira likita. Kowace safiya kafin in tafi aiki nakan zagaya bayan madafa da tsinke a hannu in duba yashi. Yaran maƙwabta sun daina dariya, ƙaramar cikinsu ma ita ke riga ni zuwa, ta dawo da gudu tana cewa, "Baba, ta yi!"