Zanen Gini a Ƙasar Shinkafa

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma kuɗin shinkafa da tumatur ne suka ɗauki nauyin karatuna na zanen gine-gine, tun daga kuɗin rajista har zuwa na kwali da gam. Ruwan da ya noma wannan shinkafa daga madatsar Tiga yake tahowa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Babban kanal ke ɗauko shi daga can, ya biyo ta Ruwan Kanya, sannan ya rabu rassa-rassa ya shiga gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara zangon farko na aikin ban ruwan a kan hekta 22,000, kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi. Mu da aka haifa bayan zuwan ruwan ba mu san irin ranin kakanninmu ba, lokacin da maza ke ɗaura kaya su tafi ci-rani da an gama kaka. A wajenmu gona ba ta hutu. Shinkafa da damina, alkama da tumatur da albasa da rani.

Da na samu gurbin karatu, mutanen gidanmu sun ɗauka na yi sallama da taɓo ke nan. Zan zauna a ofis mai sanyi a birni, ina zana wa masu kuɗi benaye.

Hanyar tana da tsawo. Digirin farko shekara 4, na biyu shekara 2, sannan mutum ya yi aiki a ƙarƙashin wanda ya riga shi, ya zauna jarrabawar ƙwarewa, kafin hukumar ARCON ta sa sunansa a rajista. Amma zuciyar karatun situdiyo ce, wani faffaɗan ɗaki cike da tebura inda ake kwana ana zane. Ranar kare aiki ka manna takardunka a bango, malamai su zauna a gabanka su bi layi ɗaya-ɗaya. Ruwan wannan rufin ina zai zuba? Wa zai share wannan lungun? In gobara ta tashi a bene na uku, ta ina mai goyo za ta sauko? Ka yi sati kana wahala a kan zane, a rushe shi a minti biyar. Da farko abin yana ci mini rai ƙwarai. Daga baya na gane gata ake yi mana, don gara zane ya rushe a takarda da ya rushe a kan mutane. Har gobe ina yi wa waɗannan malamai addu'a.

A ajin tarihi aka karantar da mu Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim. Aka nuna mana yadda azara, wadda ba ta iya tsallaka fili mai faɗi ita kaɗai, ake jera ta hawa-hawa cikin ƙasa har ta zama bakan gizo, ta ɗauki rufin babban soro. Aka nuna mana hikimar bango mai kauri da ke shanye zafin rana ya sake shi da dare, da ƙananan tagogi can sama, da indararo mai cilla ruwa nesa da gini, da makuba da ake shafa wa bango. Mun ji daɗin darasin, mun ci jarrabawarsa. Washegari kuma muka koma situdiyo muka ci gaba da zana otal da katafaren kanti. A ayyukan da muke yi fili kullum busasshe ne kuma shimfiɗaɗɗe, mai ginin kuma ba ya taɓa cewa kuɗinsa sun ƙare.

Shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973, shi ya fitar da ni daga wannan duniya ta takarda. Na yi watanninsa 6 a wani ofishin zane a cikin Kano. Can hannuna ya faɗa a AutoCAD, na fara taɓa Revit, na koyi yin zanen da birkila zai karanta ba sai ya neme ni a waya ba. Abin da ya fi zama mini a ka shi ne zuwa wurin aiki. Na ga ana haɗa kankare, kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, na kuma ga yadda lissafin ke canjawa da zarar mai sa ido ya juya baya. Na ɗauki bulo a hannu ya ruguje, saboda mai buga shi ya matsa wa buhu ɗaya ya haifi abin da bai kamata ba. Wani birkila da ya girmi mahaifina ya koya mini shayar da kankare ruwa safe da yamma har ya nuna, da duba ko rodi ya samu kankaren da zai rufe shi ta ƙasa. Daga lokacin kowane layin da na ja a kwamfuta sai in riƙa ganinsa a matsayin buhunan simintin wani.

Duk da haka, darasin da ya juya mini tunani a gida na same shi. Shekarar da tumatur ya yi kuɗi, kawuna ya rushe ɗakinsa na ƙasa ya tayar da na bulo, da filasta da fenti da kwano mai launi. Ba a daɗe ba gindin bangon ya fara kumbura. Fenti ya ɗaɗɗago, wani farin gari ya fito daga ƙasa zuwa kusan gwiwa, ɗakin ya ɗauki warin danshi, tabarma da buhun hatsi suka fara fumfuna. Ya kira ni ya ce, "To, injiniya, ga karatunka ga ɗakina." Da na zagaya unguwa sai na ga ba shi kaɗai ba ne. Kusan duk ginin da ke ɓangaren kanal yana ɗauke da wannan tabo.

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar da ake shayarwa rani da damina shekara da shekaru, ruwan cikinta ba ya nisa. A wasu wurare a garinmu, in ka haƙa ramin harsashi a watan Agusta, kafin ka kai ƙugu ruwa ya tsattsafo. Bulo da filasta kuwa cike suke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, danshi yana hawa ta cikinsu yadda kananzir ke hawa lagwani. Yana tafe da gishirin ƙasa. Ruwan ya bushe a fuskar bango, gishirin ya zauna ya taru, ya tunkuɗo filasta waje. An koya mana wannan a aji, a shafi ɗaya, muka haddace muka wuce. Maganinsa ma ba ɓoyayye ba ne. A ɗaga daɓen ɗaki sama da ƙasar waje sosai, a cike da jar ƙasa a daddanne ta, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe, ta ratsa har ƙarƙashin bango, a bar bakin kwano ya fito, a yi dakali mai gangara ya kewaye ginin. Kuɗin wannan duka bai kai na fentin da kawuna ya sake saye ba. Wani tsohon magini da na kai wa zancen ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, mu a zamaninmu ba ma aza tubali sai mun ga inda ruwa ya kwana." Su kan tudu suke gini, kwari na gona ne. Yanzu jama'a ta yi yawa, fili ya yi tsada, gidaje sun gangara inda da ba a yarda a kwana ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba bangon ba ne, ramin masai ne da ke isa ga ruwan ƙasa alhali rijiyar gida na kusa da shi.

Da lokacin zaɓar aikin kammala digiri na biyu ya zo, abokaina suka ɗauki filin jirgi da asibitin ƙwararru da cibiyar taro. Ni na ɗauki shinkafa.

Duk wanda ya bi ta Kura da kaka ya ga shanshera baje a kan tamfol a bakin hanya da kowane fili, awaki na bi ta kai, ƙura na sauka, yara na gadi da sanda. Tsakuwar da mutanen birni ke ƙorafi a kanta a shinkafar gida, da yawanta a wurin shanya take shiga. Kafin shanyar kuwa akwai aikin da ba a gani daga titi, wato turarawa, kuma mata ne ke yin sa a cikin gidaje. A jiƙa shanshera a ruwan zafi ta kwana, a tsame, a turara a manyan tukwane, a shanya, sannan a kai inji. Hayaƙi a ido, zafi a fuska, ruwan jiƙo na kwarara tsakar gida ya fita lungu ya kwanta, sauro ya samu masauki. Tunanina na farko babbar cibiya ce a bayan gari, inda za a tara aikin duka wuri guda. Na kai wa gwaggona zanen, ita da ta tsufa a wannan sana'a. Ta duba ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma wa zai bar ni in fita tun asuba in wuni a bayan gari? Wa zai duba mini yara da tukunyar tuwo?" Na ce, "Gwaggo, to yaya kike so?" Muka zauna ta zayyana mini aikinta daga jiƙo har zuwa ɗinke buhu, ni kuma ina awo ina rubutawa.

Daga wannan zama zanen ya rabu biyu. Aikin wuta da ruwa ya tsaya a cikin gida, inda yake tun asali: kusurwa guda a tsakar gida, murhu ɗagagge mai cin ɓuntu maimakon itace, bututun da zai fitar da hayaƙi sama da kai, daɓe mai gangara zuwa rufaffiyar magudana. Shanya da ajiya kuma na unguwa ne. Fili mai katanga, shigarsa ta zaure, maza su sauke buhu a ƙofar waje su tsaya nan, ciki na mata. Daɓen shanya a ɗage yake, tsakiyarsa da ɗan tudu don kada ruwa ya kwanta. Doguwar rumfa ta bi gefensa, saboda hadarin kaka ba ya sallama, kuma shinkafar da rana ta gasa da sauri ba hutu tsagewa take yi, ta kakkarye a inji, farashinta ya faɗi. Tana bukatar inuwa ta huce kafin a ƙarasa busar da ita zuwa danshin kashi 14 cikin 100. Ɗakin ajiya na bulon ƙasa ne da aka matse a inji, zaune a kan harsashin dutse da kankare, buhuna a kan katako ba sa taɓa bango. Rufin na ɗaga shi sama da silin don iska ta ratsa tsakani, dabarar da Francis Kéré ya yi a makarantar firamaren ƙauyensu Gando a Burkina Faso, wadda aka gama a 2001. Shi ne ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta, kuma da ginin ƙasa a ƙauye ya fara.

Ranar karewa wani daga cikin masu duba aikin ya ce bai ga gini a nan ba, rumfa da daɓe kawai ya gani. Wani kuma ya tsaya a kan magudanar ruwan ya yi ta tambaya har ya gamsu. Na ci. Filin shanyar har yanzu a takarda yake, don ba mu samu mai ba da fili da kuɗi ba. Amma murhun da daɓen suna nan a gidan gwaggona, maƙwabta biyu sun kwaikwaya, kuma ɗakin da kawuna ya ƙara daga baya an sa masa leda, bangonsa a bushe yake.

Injiniyoyin da suka tsara aikin ban ruwan Tiga an ɗora musu kai ruwa gona, sun kuma kai. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya zo ya gyara kanal-kanal. An gina kamfanin tumatur na Dangote a Kadawa, ya fara aiki a 2016, da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana. Manyan abubuwa ke nan. Amma tsakanin gona da kamfani, tsakanin girbi da kasuwa, akwai ƙananan gine-ginen da ba wanda ya zauna ya zana: inuwar da kwandon tumatur zai jira mota a Kwanar Gafan, rumbun albasa mai shan iska, wurin shanya, masai da ba zai gurɓata rijiya ba, ɗakin kwana da ba ya tsattsafo. Manomi da matarsa ke yin su da abin da ya samu, kuma a nan guminsu ke zubewa. A ganina wannan aikin akitek ne tsantsa, ko da ba zai shiga mujalla ba.

Ina roƙon malamanmu na Zariya da Kano da Wudil su riƙa kawo ɗalibai yankin nan sau biyu kafin a ba su aikin zane, a watan Agusta lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, da watan Maris lokacin da tumatur ke ruɓewa a rana. Kai kuma ƙanena da ke shirin zaɓar aikin kammalawa, in daga Kura ko Bunkure ko Garun Malam ka fito, ɗauki tef ɗin awo ka je gida a hutun nan, ka fara da tambayar iyayenka mata inda aikinsu ke ba su wahala.