Sunan da aka saya da kuɗi

A ƙasar Damagaram ba a raina yabo. Tun kafin zamanin Sarki Tanimun maroƙa suke wasa manya ana yi musu kyauta, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan zamba, domin maroƙi yana faɗin asalinka ne a gaban waɗanda suka san ubanka. To, ga wasu maroƙa sun ɓullo daga ƙetare. Ba su da kalangu, sai takarda mai hatimin ruwan zinariya, kuma sun gano hanyar garuruwanmu.

Sana'arsu kwaikwayo ce. A Ingila ana buga kundin mashahurai mai suna Who's Who tun 1849, kuma ba a biyan ko tamma a shiga cikinsa. 'Yan kwaikwayo suka juya al'amarin: kowa mashahuri ne muddin zai biya. Kamfanin American Biographical Institute na Amurka ya yi ta sayar da lambar "gwarzon shekara" a kan ɗaruruwan dalar Amurka, har ya karye a 2012. Shi kuwa European City Guide na Barselona ya yi ta aika wa 'yan kasuwa takarda kamar ta gyaran adireshi kyauta, alhali a ƙananan haruffa kwantara ce ta shekara 3. Hukumar Kataloniya ta ci shi tara a 2003, ya kwashe ya koma Balensiya, kuma a 2008 majalisar Tarayyar Turai ta yi tir da irin waɗannan kamfanoni.

Irin wannan saƙo ne ya iske kawuna, tsohon mushen lakwal a Guna ta jihar Damagaram, mutumin da ya shekara 30 yana karantarwa ba wanda ya ba shi ko takardar godiya. Wani kamfani ya rubuto cewa wai kwamiti ya zaɓe shi cikin fitattun malaman duniya. Ya sayar da tumaki, ɗansa ya biya jikka 90 da katin banki daga Yamai. Littafi bai zo ba, sai wata takardar neman kuɗin allon bango. Da na ce a nemi kuɗin, ya ce: "Ɗana, bar shi, kada Guna ta ji." Wannan kunyar ita ce jarin macutan, sun san mai mutunci ya gwammace asara da dariya.

Sai da mahaifiyata ta sa baki sannan ya yarda. Muka tattara resi da kwafin dukan saƙonni. Muka rubuta wa kamfanin wasiƙa mai rajista cewa an soke ciniki saboda yaudara, muka yanka masa wa'adin kwana 15. Kana muka kai ƙorafi banki, domin Visa da Mastercard suna da tsarin mayar da kuɗin abin da aka biya bai iso ba, galibi cikin kwana 120. Bayan wata 3 kuɗin suka dawo. Da ta Western Union aka aika, an kuma karɓa, da sai haƙuri.

Jama'a masu karatu, wanda ya riga ya sa hannu kada ya ƙara ko dala saboda barazanar lauya. Dokarmu ba ta ɗaukar yardar da aka samu ta hanyar yaudara a matsayin yarda, zamba kuwa laifi ne da ake kai wa jandarma ko komisariya. Wanda bai biya ba, ya tambayi kansa: wa ya ba da sunana, wa kuma zai karanta littafin in ban da waɗanda suka biya?

Amma da sauran magana a kanmu. Muddin malami da manjon likita za su tsufa a karkara ba wanda ya ce musu sannu da aiki, baƙo zai zo ya sayar musu da sannun. Mu riga shi faɗa, tun suna da rai.