Layin shekara 16: yadda muka tafi Amurka muka bar Yaya a Kano

1/ Tun da na sa hoton bikin Yayata ake turo mini tambaya ɗaya: wai ya aka yi ku duk kuna Amurka, ita tana Kano? Na daɗe ina zillewa. Jiya na nemi izininta, ta ce in faɗa, ko wani zai tsira. Zaren yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/ Kawuna, wan Umma, ma'aikacin jinya ne. Ta hanyar aiki ya shiga Amurka, wani asibiti ya nema masa. Ya samu girin kad, ya cika shekara 5 da shi, ya zama ɗan ƙasa. Farkon 2007 ya cike wa Umma fom ɗin I-130, wanda ake nema wa ɗan'uwa izinin zama da shi. Ina da shekara 5 a lokacin.

3/ Na tashi ina jin kalmar "takardunmu" kamar sunan wani ɗan'uwa da ya yi tafiya. Za a gyara rufin ɗaki, a ce bari mu ga takardu. Za a sayi fili, a ce ina amfani, ai tafiya za mu yi. Baba ya rasu a 2016, Allah ya jiƙansa, bai ga ko ƙofar ofishin jakadanci ba.

4/ Abin da ba mu gane ba shi ne dangi kashi biyu ne a dokarsu. Matar ɗan ƙasa ko mijinta, iyayensa, da 'ya'yansa marasa aure 'yan ƙasa da 21, su ba a ƙayyade musu adadi ba. Sauran duk layi suke bi, saboda akwai iyakar bizar da ake bayarwa a shekara.

5/ Layukan: F1, 'ya'yan ɗan ƙasa da suka kai 21 ba su yi aure ba. F2A, mata ko miji da ƙananan 'ya'yan mai girin kad. F2B, manyan 'ya'yansa marasa aure. F3, 'ya'yan ɗan ƙasa masu aure. F4, wa da ƙani da ya da ƙanwa. Namu kenan, F4, wanda ya fi kowanne tafiyar hawainiya.

6/ Biza 65,000 ake ware wa F4 a shekara, duk duniya fa. Ranar da hukumar USCIS ta karɓi fom ɗinka ita ce lambarka a layi. Kowane wata ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana fitar da jadawali a intanet, tana nuna ranar da layi ya kai. Kyauta ake dubawa. Mu ba mu ma san da shi ba.

7/ Wanda muka dogara da shi wani mai kafe ne a unguwarmu da ake ce wa ya san harkar biza. Shi ya ce wa Umma: "Hajiya, duk wanda sunansa ya shiga fom ɗin farko ya riga ya haye. Sharaɗi ɗaya ne, kar yaran su yi aure." Rabin maganarsa gaskiya ne, kuma rabin da ya bari shi ya cuce mu.

8/ Gaskiya ne, ɗan da zai bi mahaifiyarsa a wannan layin dole ya kasance bai yi aure ba. Amma kuma dole ya kasance bai kai 21 ba a lissafin doka. Yaya haihuwar 1996 ce.

9/ A 2018 wani ya fito neman aurenta. Mutumin kirki, malamin makaranta, har manyansa sun zo gaisuwa. Aka kira Kawu a waya, aka zauna, aka ce ya ɗan jira, saura kaɗan, in ta shiga sai ta nema masa. Yaya ba ta ce komai ba. Kun san yadda ake a gidajenmu: manya sun yanke, sai "to".

10/ Ya jira shekara biyu. Daga baya iyayensa suka matsa, ya auri wata. Ban ga laifinsa ba wallahi. Ranar ɗaurin aurensa Yaya ta wanke duk labulen gidanmu, har waɗanda ba su yi datti ba. Ba wanda ya iya ce mata ta bari.

11/ A 2019 saƙon imel ya zo daga NVC, cibiyar da ke tattara takardu kafin intabiyu. Gida ya ɗauki murna. Kowa ya cike DS-260. Dala 325 kowane mutum, da dala 120 na duba takardar ɗaukar nauyi. Kawu ne ya biya, don sai da asusun banki na Amurka ake biya. Har na Yaya aka biya.

12/ Takardar ɗaukar nauyin, I-864, ba wasa ba ce. Alkawari ne da doka za ta iya kama mutum a kansa. Sai kuɗin shigar mai nema ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatinsu, gwargwadon yawan mutanen da ke wuyansa. In bai kai ba sai ya samo wanda zai tsaya tare da shi.

13/ Sai wahalar takardun gida. Shaidar haihuwa daga hukumar ƙidaya, shaidar 'yan sanda ga duk wanda ya kai 16, shaidar rasuwar Baba. Sunan kakanmu a takardar Kawu Mohammed, a ta Umma Muhammadu, a wata tsohuwar takarda Mamman. Mu mun san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta sani ba. Wata huɗu muka yi a kan wannan kaɗai.

14/ Sai 2020 ta zo da nata. A watan Fabrairu dokar Shugaba Trump ta hana 'yan Najeriya bizar zama ta fara aiki. Ga korona ta rufe ofisoshi. Biden ya soke dokar ranar 20 ga Janairun 2021. A tsakiyar 2021 layi ya iso ranarmu, bayan shekara 14.

15/ Duk da haka sai farkon 2023 takardar gayyatar intabiyu ta zo, saboda cunkoson da korona ta bari. Ni na buɗe imel ɗin. Suna uku: Umma, ni, da Auta wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka cike fom. Na karanta sau biyar. Yaya tana tsaye a bayana riƙe da ludayi.

16/ A ranar ne Kawu ya kira lauya, karon farko cikin shekara 16. Ko minti biyar ba ta yi ba ta gama lissafin. Akwai dokar 2002 da ake kira CSPA mai kare yara daga tsufa a layi. Ku riƙe wannan don Allah, shi ne dalilin zaren nan gaba ɗaya.

17/ Ɗauki shekarun yaro a lokacin da layi ya iso ranarku. Cire tsawon lokacin da fom ɗin I-130 ya yi a hannun USCIS kafin a amince da shi. Abin da ya rage in bai kai 21 ba, ya tsira, muddin bai yi aure ba kuma ya nemi bizar cikin shekara ɗaya.

18/ Namu an shigar 2007, an amince 2010. Shekara 3. Ni: 19 a cire 3, saura 16, na haye. Yaya: 25 a cire 3, saura 22. Ma'ana ƙofarta ta rufe tun ranar da ta cika 24 a 2020. Mun yi mata addu'ar ƙarin shekara a ranar, har da ɗan kek. Kusan shekara uku ta ƙara tana jiran gawon shanu.

19/ Muka tafi Legas, don a can ƙaramin ofishin jakadancin Amurka ke yin intabiyun bizar zama. Gwajin lafiya a wurin likitocin da suka amince da su kaɗai, hoton ƙirji, allurai. Yaya ce ta jera mana takardu a fayil, kowa da nasa. Intabiyun da muka jira tun ina 'yar firamare bai fi minti goma ba.

20/ Bizar ba ta wuce wata shida, dole ka shiga kafin ta ƙare. Na bar jami'a ina aji biyu, na zo nan na koma kusan farko. A filin jirgi Umma ta riƙe hannun Yaya ta ce, "Ki yafe mini." Yaya ta ce, "Haba Umma, me kika yi? Ku tafi kar jirgi ya bar ku."

21/ Da muka sauka Kawu ya ce ai akwai mafita: Umma ta samu girin kad, ta cike wa Yaya a layin F2B. Haka ne. Amma sabon layi ne daga farko. Kotun ƙolin Amurka ta yanke a 2014 cewa irin su Yaya ba sa riƙe tsohuwar ranarsu. Layin kuma a lokacin ya kai wajen shekara 8.

22/ Kuma in ta yi aure fom ɗin ya mutu, don mai girin kad ba shi da layin 'ya'ya masu aure. Sai Umma ta zama 'yar ƙasa tukuna, sannan F3, shi kuma ya haura shekara goma. Aka kira ta ta bidiyo aka yi mata bayani. Ta ce, "Kawu, na gode. Amma na ba layin nan abin da zan iya ba shi."

23/ Wannan karon ba wanda ya ce ta jira. Bana ta yi aure. Umma ta je, ni jarrabawa ta riƙe ni. Ƙarfe biyar na asuba ina ɗakin kwanan ɗalibai, waya a hannu, hoto yana yankewa, na kalli ana kai ta ɗakinta. Na yi kuka, ita kuwa dariya take tana ce mini in je in yi karatu.

24/ Masu tambayar hanyar aiki: biza 140,000 ce a shekara, har da mata da 'ya'ya a ciki. Galibi kamfani ne zai fara samun shaidar ma'aikatar ƙwadago cewa bai samu ɗan ƙasa da ya dace ba, sannan ya cike I-140. Kuɗin wannan shaidar doka ta ɗora wa kamfanin. Duk ejan da ya ce kawo miliyoyi ya saya maka gurbi, yi nesa da shi.

25/ Lissafin shekara 21 ɗin nan ya shafi 'ya'yan masu bin hanyar aiki su ma. Sannan cacar biza da ake ta tallatawa: an cire Najeriya tun zagayen 2015. Dokokin kuma suna canzawa da canjin gwamnati, mun gani da idonmu. Shafin gwamnatinsu za ku duba, ba matsayin WhatsApp na wani ba.

26/ Ba na cewa kar a nema. Auta yana makaranta mai kyau, Umma tana ganin likita a kan lokaci, ni ma alhamdulillah. Amma har yau in na ciro katin nan daga jaka sai na tuna ba wani ƙoƙari na fi Yaya ba. Shekara shida kawai ta riga ni zuwa duniya.

27/ In akwai irin wannan fom a gidanku, yau ɗin nan ku nemo takardar amincewar USCIS. Ranar karɓa da ranar amincewa duk suna jiki. Ku buɗe jadawalin wannan watan, ku yi lissafi ga kowane yaro. Wanda ake cewa ya dakata da aure ko karatu, a nuna masa lambar, shi ya zaɓa da kansa.

28/ Yaya tana karanta zaren nan, ta ce in ƙara da cewa tana lafiya, kuma in daina sa ta kamar abin tausayi. To Yaya, na ƙara. Masu tambaya ku ajiye a ƙasa, in na fito daga lacca zan amsa abin da na sani. Allah ya zaɓa mana mafi alheri.