Ranar da Inji Ya Ƙi Tashi a Bakin Ruwan Trans-Amadi

Duk Bahaushen da ya sauka Fatakwal ya nufi Trans-Amadi, abin da zai fara gani shi ne masana'antu da manyan motoci. Amma in ya gangara bayan gine-ginen sai ya tarar da ƙoramar Amadi da ta Woji, waɗanda ke haɗuwa da Kogin Bonny, shi kuma ya zarce teku, tafiyar kimanin mil 40.

Turawa suka kafa garin a 1912 don fitar da kwal ɗin Inugu, hanyar jirgin ƙasa ta haɗa garuruwan biyu a 1916. Da dogo ya isa Arewa sai fataken shanu da mahauta suka biyo shi. Mayankar Trans-Amadi ta daɗe tana zaman matattarar 'yan Arewa, kafin gwamnatin Jihar Ribas ta rufe ta a 2021. Har yanzu dai albasa da wake da doya sukan bi ta ruwa zuwa ƙauyukan da mota ba ta zuwa.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne ruwan nan ba irin na Kogin Sakkwato ba ne. Sau biyu a kwana guda yakan cika ya janye, kowanne wajen sa'a 6. In ya janye, sai taɓo baƙi ƙirin. Saboda haka falken da ya loda buhunansa a kwale-kwale, inji kuwa ya ƙi tashi, ba zaman jiran direba yake yi ba kamar a tashar mota. Ruwa na gudu, rana na dukan albasa, uwar kuɗinsa na narkewa yana kallo.

Injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, Ole Evinrude ne ya yi suna da ƙera shi a Amurka wajen 1909. A waɗannan ƙoramu kuwa Yamaha ya fi yawa, kuma da dama sun tsufa. Irin mai bugu biyu ne, watau fetur da man inji ake gaurayawa a tanki ɗaya, galibi kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai.

Sabon shiga in inji ya ƙi, sai ya yi ta fizgar igiya har kafaɗa ta gaji. Fetur ya cika ciki, ya jiƙa fulogi, ciwo ya zama biyu. Gwanin makanike kuwa ya san ruwa ba ya tsami banza. Abu uku inji ke bukata: mai, da wuta, da matsin iska. Daga mai arha yake farawa.

Da fari zai duba ko giya na firi, ko kuma 'yar igiyar kashe inji ta fita daga mazauninta. Sa'an nan ya sassauta 'yar mashaƙar iska da ke murfin tanki, ya matsa robar da ke tsakiyar tiyo har ta yi tauri. In ba ta yi ba, tiyo ya tsage ko tanki ya bushe. Sai ya tsiyayi fetur a kwalba ya ɗaga. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa, gama damina a nan doguwa ce, ga kuma gurɓataccen man da ake dafawa a ɓoye cikin daji.

Daga nan sai wuta. Zai kwance fulogi, ya goge, ya jingina shi da ƙarfen inji, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi alamar lafiya ne. In babu, a bi waya, domin gishirin ruwan nan ba ya barin ƙarfe. In wuta da mai sun samu, sai a kwance kafireta a wanke ƙananan ƙofofinta da tsohon fetur ya toshe. Sai duk waɗannan sun wuce ake zancen fistin da rin, aikin da ba na bakin ruwa ba ne.

A nan ne falke kan ƙosa ya ce, "Malam, ruwa fa na tafiya!" Makanike ya amsa, "Alhaji, gara ya ƙi a nan da ya ƙi a tsakiyar kogi." Gaskiyarsa. Motar da ta mutu a hanyar Anaca sai a tura ta gefe, amma jirgin da ya mutu a ruwa, igiyar ruwa ke zaɓar masa hanya.

Ko da inji ya tashi, ba a kwance ɗauri sai an ga ɗan siririn ruwa na tsartuwa daga bayansa, shaidar cewa yana shan ruwan sanyaya jiki. Sa'an nan falke ya hau kan buhunansa, ya yi Bisimilla, a saki igiya.