Hawan Dutsen Kufena da yaran Tudun Wada

Duk wanda ya nufi Wusasa daga Tudun Wada zai hango Dutsen Kufena a yammacin Zariya, ƙato, baƙi-baƙi, ya yi zaune a tsakiyar fili. Ranar wata Asabar cikin damina na ɗebi 'ya'yan yayyena muka hau keke napep zuwa Wusasa, daga nan muka ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin masara da dawa.

Tun ba mu kai gindinsa ba autarsu ta ce, "Kawu, wa ya ɗora wannan dutsen a nan?"

Na ce mata Allah ne Ya halicce shi, kuma Ya bar mana alamun yadda abin ya gudana. Kufena ba ɗora shi aka yi ba, ba kuma tsirowa ya yi ba. Shekaru wajen miliyan 600 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga can cikin ƙasa, amma bai kai ga fasowa waje ba. Sai ya tsaya a ƙarƙashi yana hucewa sannu a hankali har ya daskare. Na sa su duƙa su duba: ƙwayoyi ne farare da baƙaƙe da masu ƙyalli a manne da juna, kuma jinkirin hucewar ne ya ba su damar girma har ido ke ganinsu. Daga baya ruwan sama ya yi ta jiƙa abin da ke rufe da shi yana ruɓar da shi, rafuka suna kwashewa. Mai taushi ya tafi, mai tauri ya rage. Wato ƙasar da ke kewaye ce ta sauka ta bar Kufena a tsaye.

Babban cikinsu, wanda ke firamare aji shida, ya ce an koya musu cewa duwatsu tasowa suke yi. Gaskiyarsa. Duwatsun Himalaya sun tashi ne da farantin ƙasar Indiya ya yi karo da na Asiya shekaru kusan miliyan 50 baya, har Ebares ya kai mita 8,849. Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa aman wuta ne ya gina shi. Namu na Zariya ya girme su nesa ba kusa ba.

Hawan da wuya a farko, ga santsi. A wurare da yawa fatar dutsen ta ɗaɗɗago falle-falle, kamar yadda ƙanzo ke ɓamɓaruwa daga tukunya. Nauyin da ya danne shi ya gushe, rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, sai ya tsattsage. A nan ne labarin ya fi daɗi a wurina, domin daga waɗannan tsagogi rayuwa ke farawa.

Masu fara zama a kan tsuran dutse su ne wasu ƙananan halittu da ke fitowa kamar tabo, toka-toka ko kore-kore. Suna cin fuskar dutsen kaɗan-kaɗan, idan sun mutu su haɗu da ƙurar da hunturu ya kawo, a sami 'yar ƙasa da ba ta fi cikin cokali ba. Ciyawa ta samu wurin kafa saiwa. Akwai wata mai shimfiɗuwa a jikin irin waɗannan duwatsu, da rani ta bushe ƙayau har a ce ta mutu, ruwan farko na sauka ta koma koriya. Ita ma tana tare ƙasa. Sai tsuntsu ya ci 'ya'yan ɓaure ko ceɗiya ya zo ya yi kashi a tsaga, iri ya tsiro, saiwar ta kutsa tana ƙara buɗa dutsen. Ararrabi da kukkuki ma suna son irin wannan wuri mai tsakuwa. Inda itace ya yi inuwa kuma, ƙwari za su zo, ƙadangaru su biyo su, shaho ya biyo ƙadangaru.

Can sama muka tarar da ƙananan ramuka cike da ruwan sama, 'ya'yan kwaɗi na yawo a ciki. Yaran suka kewaye su, da ƙyar na janye su. Waɗannan halittu tsere suke yi da rana, dole su girma kafin ruwan ya ƙafe.

Da muka sauko na nuna musu yadda shukar gindin dutsen ta fi ta nesa duhu. Ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi ɗauke da ɗan taki. Ga ruwa, ga tsaro daga mahara, shi ya sa mutanen dā suka zauna a nan, kuma har yanzu akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayen Kufena.

Abin da ke damuna shi ne gatari da gudumar masu fasa dutse, waɗanda ke cin duwatsun ƙasar Zazzau saboda itacen girki da tsakuwar gini. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje, ban raina ta ba. Amma ɓauren da aka sare a tsagar dutse, ƙasar da yake riƙe da ita ruwan damina ɗaya ke wanke ta, kuma sai an koma tun daga tabon nan na farko kafin wani ya sake tsirowa a wurin.