Kwana Ɗaya a Ƙasar Dambatta: Daga Zaure Zuwa Turaka

Idan ka bar Kano ta hanyar Daura da hunturu, ba za ka ga daji ba. Gona ce ke bin gona, ƙauye yana hango ƙauye, har ka isa Dambatta. An riga an girbe gero da dawa, an ɗaure kara an jingina shi tsaye, harawar wake kuwa an ɗora ta a kan rassan bishiya don kada awaki su kai gare ta. Kuka, ɗorawa, tsamiya, kowace bishiya da ka gani a tsakar gona tana da mai ita. Gawo ne kaɗai ya yi kore shar a wannan lokaci, shi da yake kaɗe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana.

Wani masani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, yana neman gane yadda ƙasar da ba a barin ta ta huta take ciyar da jama'a mai yawa haka shekara da shekaru. Amsar tana nan a gefen titi: tsibi-tsibin taki da aka fara kaiwa gona tun yanzu, a mangala ko a amalanke, kafin ruwa ya sauka. Mutanen nan sun san darajar taku ɗaya na fili. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne ke raba ta.

Kasuwar Dambatta ta Lahadi na je gani, musamman karar shanu. Ranar Asabar da la'asar na sauka, da saƙon baka daga wani abokina zuwa ga kawunsa, tsohon dillalin dabbobi da ke zaune a wani ƙauye kusa da gari. Ɗan acaɓa ya bi da ni ta burtali, ƙura tana tashi, muka tsaya a ƙofar wani gidan ƙasa mai faffaɗan zaure.

A zauren na tarar da fatake huɗu da suka kawo shanu, biyu daga wajen Kazaure, biyu daga Jamhuriyar Nijar. Nan suke sauka duk mako, kawun abokina ne fatomansu. Wannan tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa: fatoma ya ba ka wurin kwana da tuwo, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka idan ciniki ya zama bashi, a fitar masa da la'adarsa. Duk zangon da Hausawa suka kafa, daga Sabo ta Ibadan har Kumasi, a kan irin wannan amana ya tsaya. Ni kuwa ban zo da ko akuya ba, babu wata la'ada da za a samu a kaina.

Tsohon ya amsa gaisuwata, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa aka kawo mini fura da nono a ƙwarya. Aka shimfiɗa mini tabarma kusa da bango. Bayan isha'i aka fito da tuwon dawa miyar kuka, da man shanu yana narkewa a sama, muka sa hannu mu biyar. Hira ta koma kan tsadar dusa da kuɗin mota zuwa kudu, da masu noman rani a bakin madatsar Tomas. Na ji daɗin wurin ƙwarai, ban kuma sa ran wani abu da ya wuce haka ba.

Sanyin ƙauye daban yake da na birni. Zaure ƙofa biyu gare shi, iska ta shigo ta nan ta fita ta can. Fataken sun saba, kowa ya ja bargonsa har ka, ni kuwa da ɗan mayafina sai tari ya kama ni. Ina ta ƙoƙarin danne shi, sai na ga hasken tocila daga cikin gida.

"Malam, taso," in ji tsohon.

Na ce, "Baba, ai lafiya lau nake, nan ma ya isa."

"Na ji lafiyar taka tun daga ciki. Ɗauko jakarka."

Na bi shi muka wuce shigifa, ya tura wata ƙofar katako. Ɗakin soro ne, rufin azara, bangonsa ya yi kaurin kamu guda. Ɗumin da ya buge ni a bakin ƙofa har yau ina tuna shi, don ginin ƙasa yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare. An share daɓen tas. Ga gadon ƙarfe da katifa da gidan sauro, ga buzu a shimfiɗe yana fuskantar gabas, ga gafaka a rataye da ƙusa, ga ƙaramar rediyo a kan taga. A kusurwa an ajiye kaskon garwashi da aka zuba wa ɗan turare, da buta cike da ruwan ɗumi. Ya ce in fitar da kaskon kafin in rufe ƙofa, ya yi mini sai da safe.

Na sha kwana a manyan otal saboda aiki, kuma sau biyu ko uku an taɓa ce mini a wurin karɓar baƙi an mayar da ni ɗakin da ya fi wanda na biya, ba ƙarin ko kwabo. Abin yana da daɗi, ina kuma gode musu. Lissafinsa a fili yake: ɗakin da ya kwana babu kowa, kuɗin wannan daren ya tafi ke nan, ba a sayar da shi gobe, saboda haka gara a faranta wa baƙo rai da shi ko ya dawo. Shi ya sa aka fi yi wa wanda ya saba sauka a wurin, kuma a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci. A wannan gida lissafin bai tafi haka ba. Daren jajibirin kasuwa ne, gidan cike yake maƙil, da 'ya'ya da surukai da jikoki, babu ɗaki ko ɗaya da yake zaman banza.

Da aka kira assalatu na fito da butata, sai na gane inda ɗakin ya fito. A kan tabarmata ta jiya, tsakanin fataken, tsohon ne zaune ya lulluɓa da bargo yana jan carbi. Turakarsa ya ba ni. Mutum mai furfura, a gidansa, ya kwana a bakin iska saboda baƙon da bai taɓa gani ba sai jiya. Kunya ta kama ni, na durƙusa na ce, "Baba, da na sani ai da ban yarda ba."

Ya ce, "Shi ya sa ban faɗa maka ba. Tashi mu tafi masallaci."

Hausawa kan ce baƙonka annabinka, kuma addini ya ba baƙo haƙƙin kwana uku. Duk mun san wannan da baki. Abin da na gani shi ne yadda ake aikata shi a inda wuri ya fi komai tsada, inda magidanci kan yi shekaru yana tunanin ta ina zai yanka wa ɗansa ɗakin aure ba tare da ya ci gona ba. Ina ganin mu da muka koma birni, muka yi ɗakin baƙi da makulli amma muke jin nauyin wanda ya zo ba sanarwa, akwai abin da ya kuɓuce mana.

Da hantsi aka kawo koko da ƙosai. Na laluba aljihu na miƙa masa abin da ya sawwaƙa, fuskarsa ta canja nan take. Ɗaya daga cikin fataken Nijar ya taɓa ni, ya raɗa mini cewa ba a yin haka, in dai ina son in gode, in yi wa cikin gida tsaraba. Don haka bayan na gama zagaya kara, na kalli yadda ake tafa hannu a kan bijimai ana sallamawa, sai na shiga cikin kasuwa na sayi goro da sabulu da sukari, na ba wani jikansa ya kai wa iyayensa mata. Wannan an karɓa, har aka aiko da godiya da sa albarka.

Da la'asar na je sallama. Na same shi a bakin kara, rigarsa duk ƙura, yana tsakanin mai saye da mai sayarwa a kan wata saniya. Ya bar su ya rako ni har bakin titi. Da mota ta tsaya, sai ga jikan nan da gudu ɗauke da ƙullin daddawa da kwanon gyaɗa a leda. Tsohon ya karɓa ya ɗora mini a cinya ta taga, ya ce in gaida ɗan 'yar'uwarsa, in kuma nemi maganin tarin nan in na isa Kano.